Murjanin Roba A Dandalin Gargajiya

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce, wata ƙungiyar raya al'adu ta gayyace ni alƙalanci a wasan da ta shirya wa ƴan makaranta a Filinge. Ƴan mata suka fito rawa, wuyan kowace cike da jan abu mai ƙyalli, mai gabatarwa kuwa yana ta shela da lasifika cewa ga adon matan Kurfai na asali. Da aka tashi, na roƙi ɗaya daga cikinsu ta miƙo mini abin wuyanta. Ba nauyi, ba sanyin dutse, ga ma sawun inji a jikin kowace ƙwaya. Roba ce tsantsa. Na tambaye ta sunansa, ta ce mini "kolye".

Ban ga laifin yarinyar ba. Laifin namu ne, mu malamai da shugabannin ƙungiyoyi, da muka ɗauka cewa duk abin da ya yi ja, aka rataya a wuya, ya zama gargajiya.

Za a ce mini kuɗi ne babu, kuma ba mai hankalin da zai ba yarinya murjanin gaske ta shiga ƙura da shi. Na yarda. A yi rawa da roba, ba wanda ya hana. Amma a faɗa wa jama'a cewa kwaikwayo ne, a kuma faɗi sunan abin da aka kwaikwaya. Tsakiya daban, murjani daban, lantana daban, jigida daban, kuma kowane da wurinsa. Jigidar da uwa ke ɗaura wa jinjira ma'auni ce: in ta matse, yarinya na ƙaruwa, in ta yi sako-sako, sai a nemi magani. Ta matar aure kuwa sirri ce tsakaninta da mijinta, shi ya sa tsofaffi ke sunkuyar da kai in sun ga an ɗora ta bisa zane a bainar jama'a. Tsakiya da murjani su ne asusun mace. Uwa ke ba ɗiyarta ranar da za a kai ta ɗaki, ba na miji ba ne, ba ya kuma da ikon taɓa su.

Na san haka domin a gidanmu aka buɗe wannan asusu. A yunwar 1984, ina ƙaramin yaro, kakata ta kwance tsakiyar da ta gada daga uwarta, ta ba wani dillali, aka auno mana hatsi. Wa zai zarge ta? Dutsen ya yi aikin da aka aje shi dominsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, dillalan da suka bi ƙauyuka a waccan shekara da kuma a farin 1973 sun fi mu sanin darajar abin da suke saye, kuma har yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka sun fi ɗalibanmu sanin sunansa.

Akwai kuma masu ilimin boko da ke ce mini kada in wahalar da kaina, wai duwatsun nan duka baƙi ne: jan dutse daga Kambai ta ƙasar Indiya, ko daga Idar-Obashtain ta Jamus inda aka riƙa sassaƙa shi domin kasuwannin Afirka a ƙarni na 19, na kwalba kuma daga Banis da Bohemiya. Da gaskiyarsu, amma rabinta. Goro ma ba ya tsiro a Dallol Boso, duk da haka ba a ɗaura aure a Kurfai sai da shi. Abu yana zama namu ne ranar da muka raɗa masa suna, muka ba shi aiki.

Sauran rabin gaskiyar kuwa tana nan cikin jiharmu ta Tilaberi. Jan dutsen da ake kira lantana, wanda masu sana'a a Ilorin suka shahara da fasawa da gogewa a ƙarni na 19, har sarakunan Binin ta Nijeriya suna ado da shi, a wajen Kirtashi ake haƙo shi, bakin kogin Isa, fatake Hausawa su gangara da shi kudu. A Bura ta ƙasar Tera, makabartar da aka gano a 1975, wadda Bube Gado ya tona a 1983, an tarar da mamata tare da duwatsun adonsu, ƙarnuka da dama kafin wani jirgin Bature ya iso gaɓar Afirka ta Yamma. Mun san abin da ya biyo baya: masu haƙan sata suka afka wa wuraren, har a shekara ta 2000 aka sa kayan Bura cikin jerin kayan tarihin Afirka da ake gargaɗin duniya kada ta saya. Kwalbar ma, bincike ya tabbatar ana narka ta a Ile-Ife tun wajajen ƙarni na 11. Ɗalibi nawa ne a Filinge ya taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan a bakin malaminsa? Ni kaina sai da na girma na ji.

Ba na roƙon ƙungiyoyi su sayi komi. Littafin rubutu da alƙalami sun isa. A aiki kowane ɗalibi wurin kakarsa, ya zana abin da ya rage cikin adudunta, ya rubuta sunansa yadda ta faɗe shi, da wanda ya ba ta, da ranar da ake sa shi. Ƴaƴan Zabarmawa da Buzaye da Fulani da ke zaune benci ɗaya da namu su kawo nasu sunayen, a jera su gefe da gefe.

Na gwada da ajina bana. Da yawa sun dawo hannu rabbana, an ce musu an sayar tun tuni. Wata yarinya ta kawo zanen ƙwaya uku da aka kwance mata daga ƙullin tsumma. Na aike ta ta roƙi tsohuwar ta ara mana su yini ɗaya, mu nuna wa aji. Ta dawo da amsa: wai in malam na son gani, ya zo da ƙafarsa, ya zauna, akwai magana a kan kowace ɗaya.