Tsimin Fetur da ke Cin Fistin

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Daga lokacin ne wata buƙata ta cika garejin masu gyaran babur: “A rage mata shan mai.” Bakanike ya ɗauki sukundireba ya murɗa ɗan noti a jikin kafireto, ya kasa kunne, ya ce an gama. Wannan aiki ɓarna ce da ake biyan kuɗi a yi, kuma ta fi muni a kan injin da aka riga aka sauya wa wani abu.

Aikin kafireto guda ne: gauraya iska da fetur bisa gwargwado. Domin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan inji yana jan kaya ko yana hawan tudu, ya fi son mai ya ɗan rinjaya, wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Wannan rarar tana da aiki, domin ita ke sanyaya ɗakin ƙuna daga ciki. Babur irin Boxer ba shi da lagireto, iskar hanya da wannan ɗan mai su ne kariyarsa daga zafi. Wanda ya ƙwace masa rarar a zafin Afrilu na Sakkwato, yana ɗauke da mutum biyu da buhun masara, kan fistin ya miƙa wa wuta. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, amma ƙarfinsa yana karyewa tun kafin a kai can.

Kamfanin da ya ƙera injin ya zaɓi girman ramukan mai, waɗanda makanikai ke kira jet, daidai da matacin iska da salansa da faɗin silinda da ya fitar. Taɓa ɗaya daga cikinsu rushe lissafin ne. Matashin da ya cire matacin iska don babur ya “yi numfashi” ya rage ƙarfin zuƙar da ke jawo mai daga jet, sai iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, ga ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye tana goge zobba kamar sanfefa. Wanda ya huda salansa don ƙara yakan faɗa rami iri ɗaya. Wanda aka faɗaɗa wa silinda aka sa babban fistin, nasa yana iya karkata ko ta wane ɓangare, sai an gwada. Duk da haka, ka zagaya garejin unguwarku ka tambaya ko nawa ne ke ajiye jet masu lamba daban-daban.

Ga inda yaudarar take. Notin nan da ake murɗawa ikonsa bai wuce silo da farkon buɗe totur ba. Tsakiyar totur allurar cikin kafireto ke mulkinta, cikakken totur kuwa na babban jet ne. Saboda haka bakaniken da ya saurari inji yana tsaye a inuwa ya ji yana kaɗawa lafiya lau, bai san komai ba game da halin da zai shiga a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Abin takaici ma, notin iri biyu ne. Wanda ke kusa da matacin iska, iska yake sarrafawa. Wanda ke kusa da inji, mai yake sarrafawa. Kwance na farko rage mai ne, kwance na biyu ƙara shi ne. Hannun da bai bambance su ba caca yake yi da dukiyar wani.

Za a ce ai ɗan acaɓa yana ganin sauƙi a aljihunsa. Yana iya gani, na ɗan lokaci. Sai dai injin da aka hana mai yana rasa ƙarfi, mai shi ya riƙa murza totur fiye da da, sauƙin ya zurare ta nan. Saura kuma ya tafi a ranar da bawul ya ƙone ko fistin ya kama, a yi kwana uku ba aiki, ga balas ɗin mai babur yana jira. Kishiyar ma ba alheri ba ce: mai idan ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya toshe fulogi da kunkunniya, ya ƙara gubar hayaƙin da ke kashe iyali a ɗakin da aka kwana da janareta.

Gwajin gaskiya kuwa ba ya bukatar kwamfuta. A sa sabon fulogi, a ɗumama inji, a yi tafiya da kaya a matakin totur ɗin da ake son aunawa, a kashe nan take, a kwance a duba. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar daidai ce, fari fat yunwar mai, baƙi mai toka ƙoshi har da amai. A sauya abu ɗaya a lokaci guda, kuma a fara daga ɓangaren yawan mai a sauko, domin kuskuren can fulogi yake ɓatawa, na ɗaya ɓangaren inji yake ci. Wuri ma yana da hukunci: Jos tana kan tudun mita 1,200, iskarta ta fi ta Legas sirantaka da fiye da kashi goma cikin ɗari, don haka saitin da ya dace a Jos yunwa ce ga inji a bakin teku.

Mu da muke hawa motoci masu injekta muna ɗaukar wannan a matsayin zancen gareji. Indiya, wadda ke ƙera yawancin baburanmu, ta tsaurara dokar hayaƙi a Afrilun 2020, kasuwarta ta cikin gida ta karkata ga injekta, mu kuwa akasarin abin da ake kawo mana mai kafireto ne. Shi ke cikin janaretan shagon tela, da injin ban-ruwa a fadamun Kadawa, da injin markaɗen unguwa. Yaron da ke koyon gyaransu ya gaji kunnen maigidansa ne kawai, babu wanda ya taɓa zana masa hanyoyin mai uku a takarda. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai za su iya koyar da wannan a cikin yini biyu, da kwalin jet da fulogi goma.