SIRRIN MARAR LAFIYA BA HAJAR KASUWA BA NE

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan magana ita ce tushen aikin likita, domin marar lafiya yana faɗa wa majo abin da yake ɓoye wa uwar da ta haife shi. To amma yau wannan amana tana fuskantar wani sabon ɓarawo wanda ba ya fasa ƙofa, wato kamfanonin talla na intanet.

A shekara ta 2022, jaridar bincike ta The Markup ta gano cewa 33 daga cikin manyan asibitoci 100 na Amurka suna ɗauke da wani ɗan leƙen asiri mai suna Meta Pixel a shafunansu. Da zarar mutum ya nemi ganin likita ta shafin, sai labari ya isa Facebook. A 2023 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta ci kamfanin GoodRx tarar dala miliyan 1.5, saboda ya miƙa wa masu talla bayanan magungunan mutane, har da lambobin wayarsu. A wannan shekara kuma aka tilasta wa BetterHelp, mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, biyan dala miliyan 7.8.

Wani zai ce ina ruwan mutanen Tasawa da Mayahi da wannan, tun da ba ta intanet suke neman ganin likita ba. Amsar tana cikin lambar salula. Ita ake rubutawa a rajistar gidan likita, ita ce kuma aka buɗe WhatsApp da ita, wanda ya zama mallakar kamfanin Facebook tun 2014. Ranar da jerin lambobin masu wata cuta ya faɗa hannun mai talla, kamar an ba shi sunayensu ne. Ga kuma ɗabi'ar da ta yaɗu ta ɗaukar hoton yaro mai tamowa ko takardar magani a baza a Facebook da sunan neman taimako, ba tare da an tambayi iyaye ba.

A babban birni mutum yana iya ɓacewa cikin jama'a. A garin da kowa ya san gidan kowa, labarin sida, ko tarin huka, ko yoyon fitsari, ko maganin tazarar haihuwa da mace ta karɓa, ya isa ya kashe aure. Ya isa ya sa a hana ɗan kasuwa bashin kaya, ya zubar da mutuncin ma'aikaci a gaban na ƙasa da shi. Babbar asarar ma ita ce, wanda ya ji an tona asirin maƙwabcinsa zai ƙaurace wa likita ya koma wajen masu tallar ƙwayoyi a faranti, cutar ta ci gaba da yaɗuwa a ɓoye.

Nijar ba ta rasa doka ba. An kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a Disamba 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa alhakin tsaron wannan haƙƙi. Sai dai dokar da ta tsaya a ofisoshin Yamai ba ta kare matar da ta kai ɗanta awo a wani ƙauyen Mayahi.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatar lafiya ta sa duk ƙungiyar agaji ko kamfanin da ke tattara sunayen marasa lafiya ya bayyana a rubuce inda yake ajiye su da wanda yake nuna wa. A haramta ba masu talla ko da lamba ɗaya. A bayyana wa marar lafiya haƙƙinsa da Hausa, a gidajen rediyon karkara da bakin ma'aikatan lafiya, kafin ya dangwala hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.