Ɗanka Ya Ce Zai Karanci Rawa A Jami'a: A Yi Lissafi Kafin A Yi Faɗa

Jama'a, kwanakin baya bayan sallar la'asar a unguwar Hausawa ta New Bell, wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa, wanda yake kai kaya har Kuseri, ya tare ni ransa a ɓace. Ɗansa ya ci jarrabawar bak, amma maimakon ya kama rumfa ko ya karanci harkar kuɗi, sai ya ce shi rawa zai karanta a jami'a. "Malam," in ji shi, "yaushe rawa ta zama karatu? Da wane baki zan gaya wa abokan ciniki?"

Amsar tambayarsa ta farko ita ce, an daɗe. Tun 1962 Jami'ar Gana da ke Legon ta buɗe makarantar kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen wasannin dandamali. A nan Kamaru akwai cibiyar koyar da fasaha ta Nkongsamba a ƙarƙashin Jami'ar Duwala, da ta Fumban a ƙarƙashin Jami'ar Dschang, kuma da jarrabawar gasa ake shigarsu, ba da tsalle ba. A irin waɗannan makarantu ana koyon tarihin raye-raye, da yadda jiki yake aiki, da tsara wasa, sannan a gwada salo iri-iri, na gida da na Turai.

Wanda ya tashi a Duwala kuwa ya riga ya tashi a cikin kasuwar rawa. Makosa ta Duwalawa ce, asiko ta Basawa, bikutsi ta mutanen Yawunde, ga benskin ta Bamileke. Bikin Ngondo da ake yi a bakin kogin Wuri ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, shekara guda bayan bikin Nguon na Fumban. Masu waɗannan al'adu sun sa 'ya'yansu sun rubuta su, sun tsara su, sun kai su gaba. Mu fa? Rawar koroso ta Kano, wadda ta samo suna daga kacau-kacau ɗin da ake ɗaurawa a ƙafa, da rawar mahauta, da wasan 'yan tauri, wa zai koyar da su a New Bell idan tsofaffin makaɗa suka ƙare? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutumin da zai yi liƙi da dubban sefa ga mai kalangu ranar bikin 'yarsa, shi ne zai ce sana'ar ba ta dace da ɗan mutunci ba.

To amma ba zan yaudari kowa ba, domin kuwa ɗan kasuwa ba ya zuba jari sai ya san inda riba take. Aikin albashi a fagen rawa kaɗan ne ƙwarai. Akasarin masu yin ta da koyarwa suke ci, da bukukuwa, da bidiyon mawaƙa, kuma yau akwai gobe babu. Sannan jarin mai rawa jikinsa ne. Gwiwa ɗaya ta goce, rumfa ta rufe. Ana yawan kawo misalin Germaine Acogny ta Senegal, wadda ta shugabanci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977, ta kafa tata makarantar École des Sables a 1998, har ta karɓi babbar lambar yabo ta Venis a 2021. Gaskiya ne, sai dai a lura, abin da ya riƙe ta har tsufa shi ne koyarwa da tafiyar da makaranta.

Batun addini da tarbiyya ma ba abin wasa ba ne, kuma ni ban raina damuwar iyaye a kan cakuɗuwar maza da mata da yawon dare ba. Kano kanta sai da ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma rawa da waƙa na cikin manyan abubuwan da aka fi jayayya a kansu. Amma yaron da aka kora daga gida bai daina rawa ba, sai dai ya koma yinta a mashayar da uba ba zai taɓa leƙawa ba.

Saboda haka na ce wa mutumin nan ya zaunar da ɗansa kamar yadda zai zaunar da dillali. Ya tambaye shi wace makaranta ce, shekara nawa, nawa ne kuɗin haya da abinci, kuma me zai riƙe idan ya kai shekara arba'in. Ya sa masa sharaɗin ya haɗa da darasin koyarwa ko na shirya bukukuwa, hutu kuma ya dawo rumfa ya koyi ciniki. Ya ce zai fara biyawa ta Nkongsamba a tafiyarsa ta gaba ya ga makarantar da idonsa, tare da yaron.