KUNNE KAFIN IDO: INA YA KAMATA KUƊIN KAYAN KALLO SU FARA SHIGA?

Jama'a, yau ga wata magana wadda wani zai ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa kuɗin gumin mutane ne ke salwanta a cikinta. Duk ɗan Arewa da Allah Ya buɗa masa a Kurmi, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, da zarar ya kama ɗaki ya shimfiɗa leda, abu na gaba shi ne kayan kallo, watau talabijin da dikoda da akwatunan sautin nan da ake kira hom tiyata. Wannan ba laifi ba ne, domin wanda ya yini a rana yana da haƙƙin ya huta da dare. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da 'yan kuɗi suka sake shigowa, mutum ya ce zai gyara kayansa. Da wanne zai fara? Yawancinmu ko tambayar kanmu ba ma yi, sai mu miƙe kasuwar Alaba mu ɗauko talabijin wadda ta fi ta maƙwabci girma. Ni kuwa a ra'ayina ita ce ya kamata ta zo ƙarshen layi.

Abin da za a fara kashe wa kuɗi ba ya nuna hoto, ba ya kuma yin kiɗa, shi ya sa ake raina shi. Kariyar wuta nake nufi. Wutar ƙasar nan a ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa shaida ne cewa tun zamanin NEPA, har zuwa bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 1 ga Nuwamba, 2013, ƙa'idar nan a takarda ta fi zama. Yau ta zo a raunane kamar fitilar aci-bal-bal, gobe a ɗauke a maido ta da ƙarfin tsiya. Yawancin talabijin na yanzu suna jure wa raunin wuta, don za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a bayansu, amma bugun nan na farat ɗaya idan an maido wuta, ko an juya zuwa janareta, shi ne ke ƙona su. Sitabilaiza mai ƙarfin 2000VA ta ishi talabijin da dikoda da amfilifaya na ɗaki guda, a haɗa da 'yar na'urar nan da ke riƙe wuta na ɗan lokaci kafin ta sake ta. Kuɗin su biyun bai kai na sabuwar talabijin ba ko kusa. A lura kuma, babu ɗaya daga cikinsu da ke tare tsawa. Damina a Kudu doguwa ce, tsawa kuwa takan biyo ta wayar tauraron ɗan Adam, saboda haka in hadari ya taso a zare wayoyi kawai.

Mu da muke nan gida muna ganin ƙarshen labarin. Lokacin Sallah a ɗauro ƙatuwar talabijin a saman mota tun daga Ikko, a kawo ta ƙauye, a jona ta da ƙaramin janareta, kafin a gama yawon Sallah ta koma madubi. Haka nan masu sayen kayan gwanjo, waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo, su riƙa juya bayan akwati suna karantawa. Kayan Amurka bolt 120 suke sha, na Japan bolt 100. In ka cusa su a wutarmu ba tare da taransifoma mai rage ƙarfi ba, hayaƙi za ka gani.

To, in wuta ta samu kariya, sai sauti, kuma a nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Me muke kallo? Labarai ne, da wa'azi, da ƙwallo, da wasannin Hausa irin su Daɗin Kowa da Labarina. Duk waɗannan magana ce jarinsu. In hoto ya ɗan dusashe za ka iya bin labari, amma in magana ta shige cikin kiɗa, sai ka ga maigida yana ta ƙara murya yana tambayar uwargida wai me aka ce. Dalili kuwa shi ne talabijin na zamani ta zama falle ɗaya kamar faifai, babu wurin da za a sa lasifika ta kirki a cikinta. 'Yan ƙananan da ke ciki ƙasa suke kallo ko bango, ba kai ba. Ka ƙara inci goma a kan talabijin ɗinka, maganar tana nan yadda take.

Tsarin da ake kira 5.1 lasifika biyar ne da wufa ɗaya: biyu a gaba dama da hagu, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe ko baya. Ta tsakiyar nan ita ke ɗauke da yawancin maganar 'yan wasa. Saboda haka wanda yake da irin wannan tsari, in kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya canza na gaban nan uku, ta tsakiya a kan gaba. Na baya kuwa su jira. Galibin finafinanmu na Hausa da layi biyu kawai aka ɗauki sautinsu, dama da hagu, don haka babu wani sautin kansu da aka tanadar wa na baya. Wanda kuma yake ɗaki ɗaya, ba shi da wurin jan wayoyi, doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin ta wadatar. Ya dai duba ko talabijin ɗinsa tana da ramin da aka rubuta HDMI ARC, domin ta nan ne sauti ke fita da waya ɗaya.

Sai a yi hattara da lambobin jikin kwali. Za ka ga an rubuta wat 5000 da manyan baƙaƙe, a gefe an sa PMPO, ka juya baya ka tarar wutar da akwatin ke ja gaba ɗaya ba ta kai wat 100 ba. Ina sauran ya fito? Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS. Ko ita ma kada ta ruɗe ka, domin in ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu ƙari kaɗan kunne zai ji, sai an ninka kusan sau goma kafin ka ji ƙarar ta ninku. Wannan ne ya sa na ce amfilifaya ta biyo bayan lasifika, sai fa in tsohuwar ta lalace ko ba ta da ramukan da kayan yanzu ke bukata.

Wufa kuwa, wadda samarinmu suka fi ƙauna, ina da magana a kanta. Rugugin da take yi bango ba ya tare shi. Yawancin 'yan'uwanmu a gidan haya suke, ɗaki na kallon ɗaki, tare da Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu. Kai kana jin daɗi, maƙwabcinka da zai fita aiki da asuba yana jin gadonsa na rawa. Baƙo a garin mutane ba ya bukatar ƙarin abin da za a ce 'yan Arewa sun yi, kuma haƙƙin maƙwabci ba sai na tuna wa kowa ba. In kana da ita, janye ta daga lungun ɗaki, don lungu yana ƙara mata ruri.

Na san wani zai ce, Malam, ai talabijin ita baƙo ke gani in ya shigo. Gaskiya ne, kuma a nan ne cutar take, domin don baƙo ake sayen, ba don mai ɗaki ba. Ana ta tallar 4K, watau hoto mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu na mai 1920 da 1080. Amma a talabijin mai inci 55, in ka zauna nesa da fiye da mita biyu da ɗan wani abu, da ƙyar ido zai rarrabe tsakaninsu. Sa'an nan yawancin tashoshin da dikodarka ke kawowa ba su kai 4K ba, wanda ke kallo ta intanet kuwa ya san yadda irin wannan hoto ke lashe data. Inda na yarda a fara da talabijin shi ne idan har yanzu mai tozon nan ce ta da, wadda ba ta da ramin HDMI, ko kuwa gilashin ya fara zane.

Akwai ma gyaran da ba ya cin ko kwabo. A fito da lasifika daga cikin kabad, a ɗaga ta daidai kunnen wanda ke zaune, ta tsakiya ta zauna dab da talabijin tana fuskantar kujera. Ɗakin tayil da babu komai a bango amsa-kuwwa yake yi, darduma da labule mai kauri sukan rage ta ƙwarai. Wayar HDMI mai tsada ba ta ƙara wa hoto kyau a kan mai sauƙin kuɗi, muddin mai sauƙin tana aiki, kada wani ya yi maka daɗin baki.

Ranar da za ka kasuwa, tafi da filashi mai ɗauke da wasan Hausa ko karatun malamin da ka saba ji. Mai shago zai so ya sa maka kiɗa ya ƙure murya, don a cikin hayaniyar Alaba kowace lasifika jaruma ce. Ce masa ya sa naka, ya rage murya zuwa yadda za ka saurara da ƙarfe goma na dare. In ka ji kowace kalma sarai, ka yi ciniki, ka sa a gwada kowace lasifika ɗaya bayan ɗaya a gabanka, a kuma rubuta lambar jikin akwatin a kan rasit kafin a ɗaure kwali.