Mai Shari'a Wali da Hukuncin Shufu'a

A wannan mako za mu taɓo aikin Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, mutumin Kano, wanda ya yi alƙalanci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga nan aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli ta Nijeriya cikin shekarar 1987. Yana cikin alƙalan nan ƙalilan da suka haɗa sanin fiƙihun Malikiyya da dokar Turawa.

Hukuncinsa da aka fi tunawa da shi ya zo ne a 1998, cikin wata shari'a da ta taso daga Sakkwato, wadda lauyoyi ke kira shari'ar Alkamawa da Bello. An sayar da wani gida, sai maƙwabci ya ce shi ya fi cancanta ya saya, watau yana neman shufu'a. Magana ta bi kotu-kotu har ta kai ƙoli.

To, a nan ne Mai Shari'a Wali ya warware zance. Ya bayyana cewa a mazhabar Imamu Malik shufu'a haƙƙin abokin tarayya ce cikin ƙasa ko gidan da ba a raba ba. Maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da ita. Haka yake cikin Risala, kuma asalinsa hadisin Jabir ne, mai nuna cewa da zarar an sa iyaka an fitar da hanyoyi, shufu'a ta faɗi. Hanafawa kam sun ba maƙwabci, amma ba da mazhabarsu kotunanmu ke aiki ba. Maƙwabcin nan bai sami gidan ba.

Abin da ya fi wannan nauyi kuwa, tun zamanin Turawa dokokinsu sun cusa Shari'a cikin abin da suka kira al'adun gargajiya. Mai Shari'a Wali ya ce sam ba haka ba ne: Shari'a ba ta wata ƙabila ba ce, doka ce cikakkiya. A ganinmu wannan gyara ya daɗe da kamata.

Saura 'yan kasuwa masu sayen gidajen gado. Kafin Alhaji ya ƙirga kuɗi, ya bincika ko an raba gadon, domin in ba a raba ba, ɗan'uwan mai sayarwa yana iya mayar masa da kuɗinsa ya karɓe rabon. In kuwa yana gari ya yi shiru har shekara ta wuce, Risala ta ce ba shi da sauran magana.