Mai Babur Ya Fi Mai Kujera Sanin Ƙasa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma mu ɗalibai mun bar wannan karin magana a bakin tsofaffi. Da mun ji an ce wani ya ɗaure jaka a bayan babur zai zaga ƙasa, sai mu ce gantali ne. Mu a ganinmu makaranta ce, kuma mutanen tsibirin Taiwan su ne shaidarmu.

A can akwai wata al'ada da suke kira huandao, watau zagaya tsibiri, tafiyar da ta kai wajen kilomita 1,000. Matasa da yawa sukan yi ta a kan babur, har ma da tsofaffi. A 2007 wasu dattawa 17, waɗanda matsakaicin shekarunsu 81 ne, sun yi wannan zagaye cikin kwana 13.

Mai wannan tafiya zai bi hanyar Suhua a gabashin tsibirin, tsakanin Su'ao da Hualien, inda dutse ya tokare gefe guda, tekun Fasifik kuwa yana can ƙasa a ɗaya gefen. In ya karkata cikin duwatsu ta kwazazzabon Taroko, sai ya hau hanyar da ta ratsa tsibirin, wadda aka fara a 1956 aka buɗe a 1960. Tsofaffin sojoji ne suka fasa duwatsun, fiye da 200 suka rasu a bakin aiki. Wani reshenta ya haura har Wuling, mita 3,275 bisa teku. Wanda ya ji sanyin wurin a ƙashinsa, ya ga inda ruwa ke cin gefen titi, ya zauna da mai shayi ya ji kukansa, ba zai sake ɗaukar hanya a matsayin zane a kan takarda ba.

Masu suka za su ce akwai haɗari. Gaskiyarsu ce. Girgizar ƙasa ta ran 3 ga Afrilu 2024 ta zubo da duwatsu a Taroko, ta kashe mutane, ta toshe hanyoyi. Amma maganin haɗari shi ne hular kwano, da birki mai kyau, da tambayar halin hanya kafin a tashi, da barin tafiyar dare. Zaman ɗaki ba ya hana ajali, jahilci kawai yake ƙarawa.

To, ina ruwanmu da wannan? Gobe mu ne za mu zauna a ofis, mu sa hannu a kan kwangilar hanyar da ba mu taɓa takawa ba, zuwa ƙauyen da ba mu san sunan dagacinsa ba. Irin wannan sa hannu shi ke haifar da gadar da ruwan farko zai tafi da ita.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, hutu mai zuwa a haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu, a gyara babura, a nemi izinin iyaye, a fita a ga ƙasa. Gani ya kori ji.