RA'AYINMU: Tallan Wayar Hannu Da Haƙƙin Mai Saye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya halatta mana ciniki kuma Ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka shaida amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo ƙasar nan, sannu a hankali ta zama abin da ɗan kasuwa da ɗalibi da matar aure ba sa iya rabuwa da shi. Mutum yakan yi watanni yana zubin adashe, wata ma takan sayar da akuyarta, don a mallaki wayar da aka gani a talla. Saboda haka ne muka ga ya wajaba mu yi magana a kan ƙaryar da ake lulluɓe wannan haja da ita, domin dukiyar talaka ce ke salwanta.

Manyan kamfanonin duniya ma an kama su da wannan laifi. A shekarar 2012 kamfanin Nokia ya nemi afuwa bayan an gano cewa hoton bidiyon da ya tallata wayar Lumia 920 da shi ba da wayar aka ɗauke shi ba. A watan Nuwamba na 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin Apple tarar Yuro miliyan 10, saboda ya ce wayoyinsa na iPhone suna jure ruwa, bai bayyana cewa a tsaftataccen ruwan ɗakin gwaji wanda ba ya motsi aka auna hakan ba, sannan wanda ruwa ya ɓata wa waya sai a ce masa garanti bai shafi wannan ba. A watan Yuni na 2022 kuma Kotun Tarayya ta Ostireliya ta umarci kamfanin Samsung ya biya dalar ƙasar miliyan 14 a kan tallace-tallacen da ya yi tsakanin 2016 da 2018, masu nuna ana iya shiga tafkin wanka ko teku da wayoyin Galaxy, alhali ramin cajinsu na iya yin tsatsa idan aka sa su a caji da danshi. Kamfanin da kansa ya amsa laifin.

To, idan haka ta faru a ƙasashen da hukuma ke sa ido, ina ga kasuwanninmu? Sanin kowa ne ana samun wayar da aka rubuta mata ma'ajiya mai yawa a kwali, sai an kai gida a tarar ba ta ɗaukar rabin abin da aka faɗa. Akwai mai idon kyamara uku ko huɗu a baya, ɗaya kaɗai ke aiki, sauran ado ne. Akwai tsohuwar da aka sauya wa murfi aka mayar cikin sabon kwali, da jabun da aka manna wa sunan babban kamfani. Abin takaici shi ne, sau da yawa mai miƙa wa ɗan'uwansa wannan kaya, har da rantsuwa, a sahu ɗaya suka yi sallar Azahar.

Lalle Musulunci bai bar wannan babi ba bayani ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kuma ya barranta daga mai algus. Haka nan ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, ya ba wanda aka yaudara zaɓin ya riƙe ta ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino. Wannan hantsa da aka cika don ido ita ce tallan ƙarya na zamaninmu, kuma daga irin wannan hukunci malaman fiƙihu suka tabbatar da haƙƙin mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye. Ashe kare mai saye da ake tinƙaho da shi yau, shari'armu ta zo da shi fiye da shekara 1,400 da suka wuce. Suratul Muɗaffifina kuwa da narkon azaba ta buɗe ga masu tauye mudu, kuma wanda ya rubuta adadin da babu shi a jikin batiri bai tsira daga wannan gargaɗi ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu sayar da waya da su ji tsoron Allah. Ta hannu a ce ta hannu ce, wadda aka gyara a faɗi abin da aka gyara. Kada wani ya fake da cewa haka kamfani ya rubuto. Duk wanda ya san aibi ya yi shiru, ya yi tarayya a cikin zunubin. Haka ma matasan da ake biya su yabi waya a Facebook da TikTok ba tare da sun jarraba ta ba, su sani shaida ce suke bayarwa, kuma za a tambaye su.

Mai saye shi ma akwai nasa. Ya buɗe kwali a gaban mai shago, ya gwada lambar IMEI ta cikin waya da ta jikin kwalin, ya karɓi rasit da sharuɗɗan garanti a rubuce. Idan an cuce shi, kada ya tsaya a "Allah Ya isa" kawai. Ya kai ƙara ga shugabannin kasuwa, in abin ya gagara ya je hukumar FCCPC, wadda dokar da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ɗora wa kare haƙƙin masu saye, dokar da ta haramta siffanta kaya da ƙarya. Neman haƙƙi ba rashin haƙuri ba ne, shirunmu ma shi ke ba macuci damar cutar na bayanmu.

Muna kuma kira ga limamai da masu wa'azi da su mayar da babin ciniki cikin huɗuba da karatun masallatai, ƙungiyoyin kasuwa kuma su kori duk wanda ya mayar da algus sana'a. Gyaran aƙidar da muke kira gare shi ba zai cika ba matuƙar bai bi mu har cikin shago ba.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci, Ya sa mu dace da bin sunnar ManzonSa a masallaci da kasuwa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.